Bashin banki da sanyin daɓe: nazarin lamarin wani gida a Damagaram

A farkon watan Nuwamban bara, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba, wani ƙanena ɗan baffana, wanda ke koyarwa a wata makarantar lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram, ya zo mini da takardu cikin jakar leda da kuma shawarar da ya riga ya yanke a ransa. An sayar da gonarsu ta gado da ke wajen Mirriya, rabonsa ya kama sefa miliyan 1 da jika 300 (jika ɗaya sefa dubu ce), kuma niyyarsa ita ce washegari ya kai kuɗin duka banki domin ya rage bashin da ya ci ya gina gidansa. Ya zo wurina ne saboda na daɗe ina aikin lissafin kuɗi, kuma abin da yake so shi ne in tabbatar masa cewa ya yi daidai. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan lamari, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ko na bankin ba, domin na san ma'aikata da yawa a garin nan suna cikin irin halin da yake ciki.

Shekaru uku kafin wannan rana ya karɓi rancen sefa miliyan 6, a kan kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, da wa'adin shekaru 10, ya haɗa da abin da ya tara ya gina ɗakuna uku da falo a wata sabuwar unguwa ta gefen gari. Ginin na bulon siminti ne, rufin kwano ne babu silin, ƙofofin kuwa na ƙarfe ne irin waɗanda masu walda ke yi a bakin hanya. Bankin ya riƙe takardar mallakar filin, wato titir fonsiye, a matsayin jingina, albashinsa kuma ta can yake shiga, ana cire sefa 79,290 kowane wata, abin da ya kusa sulusin albashin. A duk alƙaluman da zan kawo na ware harajin da ke hawa kan kuɗin ruwa da kuɗin inshorar rai da ake haɗawa da rancen, domin lissafin ya fito fili. Da an saka su, da amfanin biya da wuri ya ɗan ƙaru ne.

Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne jadawalin biya da ya karɓo daga bankin, wanda bai taɓa zama ya karanta ba tun ranar da ya sa hannu. Cikin watanni 36 an cire masa kusan sefa 2,854,000, amma uwar kuɗin da ake binsa ta ragu da kusan sefa 1,224,000 kacal, saura 4,776,000. Ya ce mini, "Yaya, ai wannan cuta ce. Na biya kusan rabin abin da na karɓa, amma kamar ban taɓa bashin ba." Na nuna masa cewa babu wanda ya sauya masa lissafi, haka tsarin yake tun farko. Kuɗin ruwa ana lissafa shi ne kowane wata a kan abin da ya rage na uwar kuɗi, don haka a watan farko, lokacin da bashin ke nan cikakke, sefa 50,000 daga cikin 79,290 ruwa ne, 29,290 kaɗai ke taɓa uwa. Sai a hankali rabon ke juyawa, har a shekarun ƙarshe kusan duk abin da ake cirewa ya zama uwar kuɗi. Idan ya bi jadawalin har ƙarshe, zai biya kusan sefa 3,515,000 na ruwa a kan miliyan 6 ɗin da ya karɓa. Kashi 10 ɗin ma bai saɓa wa doka ba, domin a shekarar 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa sun saukar da iyakar kuɗin ruwa zuwa kashi 15 ga bankuna da kashi 24 ga ƙananan asusun ba da rance.

Akwai kuma wani dalili da ya fi lissafi nauyi a zuciyarsa, wanda sai da hira ta yi nisa ya faɗa. Maganar riba ta daɗe tana cin ransa, kuma duk wa'azin da ya ji a kanta sai ya kwana yana tunanin takardar da ya sa wa hannu. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi wannan bashin yana ganinsa a matsayin abin da zai amsa tambaya a kansa, don haka yake son ya fita daga cikinsa da gaggawa. Hukuncin lamarin na malamai ne, sai dai na girmama wannan damuwa, kuma ta sa ban yi ƙoƙarin sanyaya masa gwiwa ba. Ya kamata in ƙara wani abu a nan domin masu rance irin na murabaha a bankin Musulunci: a can an ƙayyade farashin gaba ɗaya tun ranar ciniki, saboda haka biya da wuri ba ya rage ribar bankin da kansa, sai dai idan bankin ya yi rangwame. Lissafin da ke biye bai shafe su kai tsaye ba.

A kan batun lokaci, tunaninsa daidai ne ƙwarai. Na lissafa masa cewa idan ya zuba miliyan 1 a kan uwar kuɗi a wata na 36, ya kuma ci gaba da biyan 79,290 ɗinsa kamar yadda ya saba, bashin zai ƙare cikin watanni 61 maimakon 84 da suka rage, kuma zai tsira da kusan sefa 829,000 na ruwa. Wannan miliyan ɗin dai, da zai jira sai bayan shekara ta 8 ya kai ta, abin da za ta ceto masa bai wuce kusan sefa 153,000 ba, domin a lokacin an riga an karɓe mafi yawan ruwan. Ajiye ta a asusun ajiya kuma ba mafita ba ce, tunda ribar da aka ƙayyade wa irin wannan asusu a ƙasashen sefa na yammacin Afirka kashi 3.5 ce, shi kuwa yana biyan kashi 10.

Inda mutane da yawa ke yin asara ba tare da sun sani ba shi ne abin da ke faruwa bayan an kai kuɗin. Banki na iya yin ɗaya daga cikin abu biyu: ko ya bar abin da ake cirewa a wata yadda yake ya gajarta wa'adi, ko ya bar wa'adin yadda yake ya rage abin da ake cirewa. Hanya ta biyu tana da daɗin ji, domin a lamarin ƙanena za ta saukar da biyan wata zuwa kusan sefa 62,700, ya riƙa ganin ƙarin jika 16 da ɗoriya a albashinsa tun watan farko. Amma abin da za ta ceto masa na ruwa kusan sefa 394,000 ne, wato ƙasa da rabin na hanyar farko. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata yana da hujjar zaɓen ta biyu, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ƙanena kuwa ya shekara uku yana rayuwa da wannan cirewa ba tare da ya shiga wani bashin ba, kuma burinsa shi ne ya rabu da bankin da wuri, don haka gajarta wa'adi ne ya dace da shi. Mun kuma karanta yarjejeniyar layi bayan layi har muka sami sakin da ya yi maganar biya kafin wa'adi: an yarda da shi, amma da tarar kashi 2 cikin 100 na abin da aka biya, wato jika 20 a kan miliyan, kuma sai an rubuta takardar neman izini tukuna. Wannan sharaɗi ya bambanta daga yarjejeniya zuwa yarjejeniya, shi ya sa duk mai irin wannan niyya ya kamata ya fara da tasa takardar.

Har zuwa nan babu saɓani tsakaninmu. Saɓanin ya taso ne a kan jika 300 da suka rage, kuma uwargidansa ce ta kawo shi, ranar da na je gidan domin mu ƙarasa lissafin. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, don Allah ka yi wa Malam magana. Shekara uku ke nan duk abin da na ce a gyara a gidan nan, sai ya ce sai an gama biyan banki. Yaran nan a ƙasa suke kwana, kuma bara tun daga Disamba har Fabrairu tari bai bar ɗakinsu ba." Ƙanena bai musa ba. Tun da ya ci bashin ya ɗaura wa kansa doka cewa ko dala ba za ta shiga gyaran gida ba sai an ƙare da banki, kuma ya riƙe dokar da gaskiya, har ta kai ya daina bambanta gyaran da zai ci miliyan da wanda zai ci kuɗin cefanen mako biyu.

Na nemi a nuna mini ɗakin yaran da safe kafin a yi shara. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gano inda iska ke shiga a ƙasarmu, domin ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana zana wa mutum taswirar ɓarakar ɗakinsa a kan daɓe. A ƙarƙashin ƙofar, wadda ke kallon gabas, ƙura ta kwanta kamar an baza gari har kusan tsakiyar ɗakin, daidai inda ake shimfiɗa wa yara. Tsakanin ƙofar da daɓe akwai tazarar da yatsu biyu ke shiga, babu dokin ƙofa, kuma a inda daɓe ya haɗu da bango siminti ya tsage a wurare biyu. Da dare muka sake gwadawa da tocila daga waje, haske ya ratso ta ƙasa da kuma gefen da ƙofar ta ɗan karkace.

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, tsofaffin gidaje da yawa daɓensu na katako ne da aka ɗora a kan rami mai iska a ƙasa, sanyi na hawowa ta tsakanin allunan, maganinsa kuma shi ne a toshe tsagogin a cusa abin tare sanyi a ƙarƙashi. Namu daɓen a kan ƙasa yake zaune, don haka matsalar iri biyu ce dabam. Ta farko ita ce iskar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, kuma da yake iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, a ƙasa take kwanciya, inda mai barci a kan tabarma yake. Ta biyu ita ce simintin kansa, wanda ke janye zafin jiki ninki gommai fiye da iskar da ke tsaye wuri ɗaya. Shi ya sa yaro zai lulluɓa da bargo biyu a sama amma ya tashi jikinsa a sandare, domin ta ƙasa zafin ke zurarewa, kuma tabarmar roba ƴar siririya ba ta tare komai. A watan Janairu sanyin asuba a Damagaram kan sauka ƙasa da digiri 15, wanda ga mutumin Turai ba wani abu ba ne, amma ga gidan kwano da ba ya riƙe ɗumin rana, da yaron da ke kwance a kan siminti, ya isa ya hana barci. Tsofaffin soraye na Birni, masu kaurin bangon ƙasa da rufin azara, ba su san wannan matsala haka ba, domin bangon na shan zafin rana ya riƙa sakinsa a hankali da dare. Mun bar wannan gini mun koma bulo da kwano saboda dalilai masu ƙarfi, ruwan damina da wahalar yaɓe duk shekara na cikinsu, amma mun bar wani alheri tare da shi.

Gyaran da aka yi bai ɗauki fiye da kwana biyu ba. Magini ya ɗora dokin ƙofa na siminti a ɗakuna uku, ya kuma cike tsagogin gindin bango. Mai walda ya daidaita ƙofar da ta karkace, ya yanko robar cikin tayar mota ya ɗaure ta a ƙasan kowace ƙofa da siririn ƙarfe, yadda za ta riƙa shafar dokin ƙofar idan an rufe. A wurin kwanan yara aka shimfiɗa kwali mai kauri ninki biyu da aka sayo a kasuwar Dole, aka ɗora tabarmin kaba a kansa, sannan katifa da tsohon bargo. Amfanin kwali da kaba ɗaya ne: dukansu suna riƙe iska a cikin ƙananan ramuka, kuma iskar da ba ta motsi ita ce ke tare sanyi. Gaba ɗaya aikin ya ci jika 45.

Na hana a manna komai a daɓen, ko a kafe kafet daga bango zuwa bango kamar yadda magini ya ba da shawara. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, sanyin siminti ni'ima ce ta fiye da rabin shekara, kuma wanda ya rufe shi dindindin domin watanni uku na hunturu zai yi nadama da bazara. Duk abin da za a shimfiɗa a nan ya zama wanda za a iya naɗewa a ɗaga.

Akwai wani abu da na gani a ɗakin wanda ya fi duk sauran tayar mini da hankali, kuma ina roƙon mai karatu ya tsaya a kansa. A kusurwa akwai kasko da toka a ciki. Uwargidan ta ce idan sanyi ya tsananta takan zuba garwashin gawayi ta shigar wa yara, ta rufe ƙofa, kamar yadda gidaje da yawa ke yi. Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Wannan tazarar ta ƙasan ƙofa da muke shirin toshewa ita ce, da ikon Allah, ta riƙa sauya iskar ɗakin a shekarun da suka wuce. Toshe ta tare da barin kaskon a ciki zai mai da gyaran jika 45 sanadin musiba. Saboda haka kafin magini ya taɓa komai muka yi yarjejeniya da ita a gaban mijinta cewa garwashi ba zai ƙara kwana a ɗaki ba, kuma ƴar tagar sama da ke kusa da rufi za ta zauna a buɗe da ragarta. Idan ana son ɗumi, a ji shi a tsakar gida kafin a shiga barci.

Sai muka koma kan lissafi, domin ban so ƙanena ya ɗauka cewa riƙe jika 300 ɗin kyauta ne. Da ya kai miliyan 1 da jika 300 duka, da bashin ya ƙare cikin watanni 55, kuma da ya ceto kusan sefa 1,016,000 na ruwa, wato ƙarin kusan 187,000 a kan abin da miliyan ɗaya za ta ceto. Rabon jika 45 na gyaran ɗakuna a cikin wannan bai wuce kusan jika 28 ba, a tsawon kusan shekaru biyar, kuma da uwargidan ta tuna masa abin da suka kashe a kantin magani a hunturun da ya gabata, bai ƙara jayayya a kan wannan ba. Jika 235 da suka rage bayan an cire tara da gyara su ne muka fi daɗewa a kansu. Hujjata ita ce kuɗin da aka zuba a uwar bashi ba ya dawowa. Ranar da rashin lafiya ko jinkirin albashi ya zo, banki ba zai mayar masa da ko dala ba don ya biya da wuri, sai dai ya sake cin wani bashin, wataƙila a inda ruwan ya ninka nasa sau biyu. Mai iyali da sulusin albashinsa ke tafiya kafin ya gan shi bai kamata ya zauna hannu wayam ba. Ya yarda, ko da yake na ga ransa bai so ba, kuma na fahimci dalilinsa.

A banki ma lamarin bai tafi sumul ba. Ya rubuta takardar nema, ya biya miliyan da tarar, amma sabon jadawalin da aka ba shi bayan mako biyu ya fito da watanni 84 da biyan 62,700, wato hanyar da bai zaɓa ba, domin a takardarsa bai fayyace wadda yake so ba. Sai da ya sake rubuta wata, ya ambaci gajarta wa'adi ƙarara, ya koma sau biyu, sannan aka fitar masa da jadawalin watanni 61 mai ɗauke da hatimi. Na sa ya adana shi tare da rasidin biyan, na kuma tuna masa cewa ranar da ya yi biyan ƙarshe aikin bai ƙare ba: jingina ba ta goge kanta daga rajistar filaye, sai ya karɓi takardar sakin jingina daga bankin a kai ta a soke rajistar, sannan titir ɗinsa ya dawo hannunsa babu nauyin kowa a kai.

Hunturun ya wuce, yaran sun yi mura sau ɗaya kamar sauran yaran unguwa, amma tarin dare na watanni bai dawo ba, kuma uwargidan ta ce sharar safe ta ragu ƙwarai tunda ƙura ta daina kwanciya a tsakiyar ɗaki. A watan Maris aka naɗe tabarmin aka ɗaga kwalin, sai aka tarar gara ta fara cin gefen da ya jingina da bango, abin da ya nuna cewa ya kamata a bar tazara tsakaninsa da bango, a kuma riƙa ɗaga shi duk mako ana sharewa saboda gara da kunama. Robar ƙofa ɗaya ta tsage da zafin bazara, an sauya ta. Daga cikin ajiyar kuma an taɓa jika 90 da damina, lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, kuma yana mayar da su kaɗan kaɗan. Yanzu da wani hunturun ke ƙaratowa ya riga ya sayo sabon kwali, kuma maganar da ke gabansu shi da uwargidan ita ce ta silin ɗin ɗakin yara, wanda na ce ya kawo mini kiyasin kafinta mu auna shi da jadawalin banki kamar yadda muka auna na daɓe.